A Daina Share Gajerun Itatuwan Hamada Da Sunan Dashen Itatuwa

Akwai wani fili da na sani tun kafin a taɓa shi, a busasshen wuri inda ruwan sama na shekara guda bai taka kara ya karya ba. Babu doguwar bishiya ko ɗaya a cikinsa, amma cike yake da gajerun itatuwa masu toka-tokan ganye waɗanda tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba, kuma duk wanda ya ratsa shi da sanyin safiya sai tsuntsaye sun tashi a gabansa, ko zomo ya zabura daga gindin wata duhuwa. Rana ɗaya aka kawo katafila aka share shi tas, aka haƙa ramuka a jere, aka dasa wasu itatuwa da aka yi rainonsu a leda, aka kafa allo mai ɗauke da adadin abin da aka dasa, aka ɗauki hotuna, aka watse.

Da na sake bi ta wurin bayan shekara biyu, abin da na tarar shi ne busassun sanduna a jere, da yagaggun ledoji suna kaɗawa a iska, da allon nan yana tsaye abinsa. Na ɗan jima a wurin ina saurare, ban ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sanin cewa a wata takarda, a wani ofis, wannan fili yana cikin jerin wuraren da aka ce an farfaɗo da su.

Ra'ayina a kan wannan ba mai wuyar faɗi ba ne. Duk wanda yake son ya shuka wani abu a hamada ko a bakinta, ko gwamnati ce ko ƙungiya ko mai ɗan fili a bayan gidansa, ya kamata ya fara da gajeren itacen da yake ɗan asalin wurin, kuma inda ya tarar da shi a tsaye ya ƙyale shi. Aikin da ya tumɓuke irin wannan itace domin ya dasa wani a madadinsa ɓarna ya yi, ko da kuwa abin da ya dasa ya rayu.

Abin da ke ƙarƙashin inuwar da muke rainawa

Da gajeren itace ina nufin wanda ba shi da gangar jiki guda mai miƙewa sama, wanda rassansa suke fitowa da yawa tun daga ƙasa su bazu. Wannan siffa da ta sa muke kallonsa a matsayin datti ita ce dukan amfaninsa ga dabbobi.

Wanda yake shakka ya je wurin irin wannan itace da tsakar rana ya durƙusa. Ya fara ɗora tafin hannunsa a kan rairayin da ke fili, wanda a hamada zafinsa kan wuce digiri 60, sannan ya cusa hannun ƙarƙashin rassan. Zai ji ƙasa mai ɗan sanyi da laushi, zai ga ta ɗan yi tudu saboda ƙurar da iska ta kwaso rassan suka tare, zai ga busassun ganye da kashin awaki ko na zomo da 'yan ƙwayoyin iri sun taru, zai ga ramuka ƙanana da manya, da sawun ƙadangare ya ratsa ƙurar. A taki biyu kacal daga nan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masana ƙasar hamada sun daɗe da auna wannan bambanci, sun tabbatar da cewa ƙasar gindin itacen ta fi ta fili taki da laima, har suna kamanta kowane itace da tsibiri mai albarka a tsakiyar tekun rairayi.

Daga wannan tsibiri komai yake farawa. Gara da tururuwa suna cin busasshen ganye, ƙadangare da bushiya suna cin ƙwarin, ɓeraye suna tara iri a ramukansu, maciji da mujiya da shaho suna farautar ɓerayen, dila kuma yana zagayawa yana neman duk abin da ya samu. Idan aka cire itacen, ba dabba ɗaya aka kora ba, an zare ginshiƙin da dukansu suka jingina da shi.

A hamadun kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko akwai wani gajeren itace da ake kira kiriyosot, mai ƙananan ganye masu danƙo a jiki wanda ke hana ruwansu ƙafewa. Matafiyi zai iya wuce dubbansa a mota bai ɗaga kai ya kalle su ba. Amma kunkurun hamada a gindinsa ya fi yawan haƙa raminsa, domin saiwoyin suna riƙe ƙasar kada ta rufta, akwai ƙadangaren da furensa rawaya yana cikin babban abincinsa, sannan akwai ire-iren ƙudan zuma na daji sama da 20 da ba sa ɗibar garin fure a jikin kowane tsiro sai shi. A hamadar Mohabi ta jihar Kalifoniya akwai wani zobe na wannan itace, wanda ya yi ta tohuwa daga saiwa guda yana faɗaɗa, da aka ƙiyasta shekarunsa sun kai 11,700. Katafila za ta iya kawar da shi kafin direbanta ya gama shan ruwa.

Wani abin da ya fi wannan ba ni mamaki shi ne yadda gajeren itace yake zama uwar goyo ga tsirran da suka fi shi girma. Saguwaro, dogon tsiron nan mai ƙaya da hannuwa wanda ya zama tambarin hamadar Sonora da ke tsakanin Amurka da Meziko, a shekaru 8 na farkon rayuwarsa tsayinsa ba ya wuce santimita 4. A fili rana za ta ƙone shi, ko sanyin dare ya kashe shi, ko wata dabba ta cinye shi, saboda haka galibin waɗanda suke rayuwa a ƙarƙashin wani itace suka tsiro. Bayan shekaru da dama, idan ya miƙe, tsuntsu mai huda itace da baki zai yi rami a jikinsa, idan ya tashi kuma wata 'yar ƙaramar mujiya ta gaje ramin. Gidan wannan mujiya ya samo asali ne daga inuwar wani itace da ƙila ya daɗe da mutuwa.

A hamadar sanyi ta yammacin Amurka akwai wani itace ɗan uwan tazargade, da wani tsuntsu mai kama da fakara wanda a lokacin hunturu kusan ba ya cin komai sai ganyensa, kuma duk inda aka share itacen tsuntsun ya ɓace. A hamadar Namib ta kudu maso yammacin Afirka kuma akwai nara, wanda ba shi da ganye ko ɗaya sai korayen ƙayoyi, yana tura saiwarsa har ta taɓo ruwan ƙarƙashin ƙasa, yana tara rairayi ya zama tudu, yana yin 'ya'ya masu ruwa waɗanda dila da mariri ke sha, dilan kuma ya kai irin wani wuri a cikin kashinsa.

Amfanin ma ba ya tsayawa a inda itacen yake. A shekarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka tarar da cewa fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai dawo daga ƙaurarsa ba, aka bi diddigi aka gano cewa farin da ya afka wa yankin Sahel ne ya halaka su. Wannan tsuntsu da nauyinsa bai wuce giram 15 ba sai ya yi ƙiba da ƙwari da 'ya'yan gajerun itatuwan bakin hamada kafin ya iya tsallake Sahara. Wanda ya share duhuwa a wata nahiya yana iya rage kukan tsuntsaye a wata nahiyar da bai taɓa takawa ba.

"Ai ba ya inuwa, ba ya katako"

Wannan ce magana ta farko da ake faɗa mini, kuma gaskiya ce. Ba wanda zai shimfiɗa tabarma a gindin itacen da bai kai ƙugunsa ba, kuma ba ni cewa kada a dasa bishiyar inuwa a inda mutane ke zama kuma ruwa yake kusa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki ma'aunin tsakar gida a auna dubban hektoci da shi. Hamada ba dajin da ya lalace ba ne da za a ce sai an mayar da shi daji, wuri ne mai nasa tsari, kuma adadin ruwan da yake samu shi ke yanke irin itacen da zai iya ɗauka.

Mai cewa talaka ba shi da lokacin damuwa da kunkuru da mujiya shi ma ina jin maganarsa, sai dai ya ɗauka cewa amfanin dabbobi da na mutane kishiyoyi ne, alhali a nan tafiyarsu ɗaya. Wani bincike da aka yi a Senegal aka wallafa a 2018 ya nuna cewa sabara tana jawo ruwa daga can ƙasa da dogayen saiwoyinta, da dare kuma ta saki wani ɓangarensa a ƙasar sama, har amfanin gonar da aka shuka a kusa da ita ya sha daga ciki a lokacin fari. Itacen da ake sarewa a ƙone kafin shuka ashe ban-ruwa yake yi a ɓoye.

Haka kuma da mafi yawan tekun Aral na Asiya ta Tsakiya ya ƙafe, bayan an karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga tun daga shekarun 1960, ƙasan tekun ya zama hamadar gishiri da ƙura mai cutar da mutanen da ke kewaye. Abin da Uzbekistan da Kazakistan suka koma suna shukawa a wurin domin riƙe ƙasar shi ne saksawul, gajeren itacen hamadun Asiya ta Tsakiya, wanda ya saba da gishiri da fari da sanyi mai tsanani. Ba don tausayin tsuntsaye aka zaɓe shi ba, an zaɓe shi ne domin shi ke iya rayuwa a wurin, tsuntsaye da ƙananan dabbobi kuma suka biyo shi.

"Baƙon iri ya fi saurin girma"

Nan ne gardamar take da ƙarfi, domin wanda aka ba shekara uku ya nuna sakamako ba zai so itacen da ke tafiyar hawainiya ba. Ana cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, kuma a fili irin wanda na fara da labarinsa haka ta faru: baƙon ya sha ruwan tanka na wata uku, da tankar ta daina zuwa ya bushe. Amma akwai baƙon da ba ya tafiya, kuma shi ya fi zama masifa.

Firosofis, itace mai ƙaya ɗan asalin Meziko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, an kai shi busassun ƙasashe da dama da kyakkyawar niyya, domin samar da itacen wuta da tsayar da hamada. A yankin Baringo na Kenya an yaɗa shi a farkon shekarun 1980. Ya rayu, ya yi saurin girma kamar yadda aka yi alkawari, sannan ya mamaye makiyaya da hanyoyin ruwa, ya yi sarƙaƙiyar da mutum ko dabba ba sa iya ratsawa. Awaki suna cin 'ya'yansa masu zaƙi, haƙoransu suna ruɓewa, suna kuma baza irin a duk inda suka je. A 2006 mutanen yankin suka kai gwamnati ƙara, har suka shigo da akuya marar haƙora kotu a matsayin shaida. A yankin Afar na Habasha wannan itace ya rufe fili fiye da hekta miliyan ɗaya. Daga nesa wurin kore ne shar, kuma na tabbata hoton tauraron ɗan'adam zai nuna shi a matsayin ci gaba, amma a ƙarƙashinsa ciyawa da gajerun itatuwan da dabbobin gida da na daji suka dogara da su sun ƙare.

Abin bai tsaya a gefe ɗaya ba. Wata ciyawa da aka ɗauko daga Afirka aka kai kudancin jihar Arizona ta Amurka a shekarun 1930 domin kiwo ta cike filayen da ke tsakanin itatuwan hamadar Sonora, waɗanda da can tsirara suke. Wannan tsiraicin shi ne yake hana wuta tsallakawa daga itace zuwa itace. Yanzu ciyawar tana bushewa ta zama makamashi, wuta ta ci ta, ta kashe saguwaro da itatuwan da ba su san wuta ba, ita kuma ta sake tohuwa fiye da da. Garin gyaran gira an rasa ido.

Ba na cewa kowane baƙon tsiro mugu ne, domin yawancin abin da ɗan'adam yake nomawa daga wani wuri aka kawo shi. Bambancin shi ne gona tana da mai ita da ke lura da ita, abin da aka saki a daji kuwa ba shi da makiyayi. Ko baƙon da bai yi ɓarna ba, sau da yawa ƙwarin wurin ba sa iya cin ganyensa, domin dubban shekaru suka ɗauka suna sabawa da ɗacin itatuwan gida, kuma itacen da ƙwari ba sa ci ba ya ciyar da 'ya'yan tsuntsu.

Macizai fa?

Wannan tsoro ba na raina shi. Duhuwa tana ɓoye maciji da kunama, kuma wanda ya taɓa ganin wanda maciji ya sara ba zai yarda a yi masa wa'azin muhalli ba. Maganin abin a tazara yake: a bar kewayen ɗaki da hanyar da yara ke bi a share, a sa itatuwan can nesa da bango, kada a tara shara ko hatsin da zai jawo ɓera kusa da gida. Share hekta ɗari saboda macijin da ke tsakiyarta bai kare kowa ba, ya dai kori mujiya da shaho da sauran masu rage ɓera.

Rainonsa ba wuya, haƙuri yake so

Hanya mafi sauƙi ta samun gajeren itacen hamada ita ce a kare wanda yake nan. Da yawa daga cikinsu, ko an sare su, saiwarsu tana raye a ƙasa tana jiran a ɗaga mata ƙafa, kuma shingen da zai hana dabbobi cin tohon na shekara biyu ko uku ya fi dubban ledojin dashe amfani.

Inda babu abin da ya rage sai an shuka, iri ya kamata a tattaro daga itatuwan da ke kusa da wurin, kuma daga uwaye da yawa, domin itace iri ɗaya da ya girma a wani yanki mai nisa ba lalle ne ya dace da ruwan nan da ƙasar nan ba. Yawancin irin da ke zuwa a cikin kwanso yana da taurin ɓawo, wanda a daji sai ya bi ta cikin dabba ko rairayi ya goge shi kafin ya tsiro, saboda haka ana ɗan kankare shi ko a jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana. Idan a leda za a yi rainonsa, a nemi doguwa mai zurfi, domin itacen hamada saiwa yake fara turawa ƙasa kafin ya damu da ganye, kuma idan uwar saiwar ta naɗe a gindin gajeriyar leda ya nakasa ke nan har abada. Dalilin nan ne ya sa tono shi daga daji domin a kawo gida yake zama asara biyu: an cire shi daga inda yake da amfani, kuma da wuya ya rayu.

A dasa shi a farkon damina, a yi masa ɗan rami mai siffar rabin wata a gefen gangare domin ya tare ruwan da ke gudu. A shekara ta farko, ko ta biyu idan fari ya yi tsanani, a riƙa ba shi ruwa mai yawa amma jefi-jefi, yadda zai nutse can ƙasa saiwar ta bi shi. Daga nan a janye hannu. Kuskuren da na fi gani shi ne na masu kirki, waɗanda ke shayar da shi kullum su zuba masa taki kamar lambu, har saiwar ta ruɓe ya mutu a cikin laima.

Sauran abin da ya rage shi ne mutum ya danne sha'awarsa ta tsabta. Kada a aske rassan ƙasa don a mayar da shi 'yar bishiya, domin su ne bangon gidan. Kada a share ganyen da ya zuba a gindinsa. Kada a fesa masa maganin ƙwari don an ga tsutsa tana cin ganye, ai dalilin shuka shi ke nan. Kuma a dasa su rukuni-rukuni, iri daban-daban masu fure a lokuta daban-daban, da fili a tsakani, yadda suke a daji, maimakon layi ɗaya miƙaƙƙe kamar sojoji a fareti.

Laifin ma'aunin ne

Na yi imani yawancin masu share waɗannan filaye ba mugunta ce ta sa su ba, abin da ake tambayarsu ne ya sa su. Ana tambayarsu guda nawa suka dasa, ba a tambayarsu guda nawa suka rayu, balle a tambaye su me suka tarar a wurin kafin su zo. A ranar 11 ga Nuwamba 2019 an dasa itatuwa miliyan 11 a Turkiyya a yini guda, bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan noma da gandun daji ta ƙasar ta ce mafi yawan waɗanda ta duba sun mutu saboda rashin ruwa da kuskuren lokaci, gwamnati kuma ta musanta. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, adadin ranar farko shi duniya ta riƙe.

Gajeren itacen da ya tsiro da kansa ba ya shiga wannan lissafi, domin ba wanda ya saye shi, ba wanda ya ɗauko shi a mota, ba kuma wanda zai tsaya kusa da shi da shebur a ɗauke shi hoto. Saboda haka nake ganin duk mai ba da kuɗin irin wannan aiki ya kamata ya sa sharaɗi a ƙidaya abin da ke filin kafin a taɓa shi, a riƙe wani kaso na kuɗin sai bayan shekara biyar an je an ga abin da ya rayu, kuma a biya wanda ya kare itacen da ke tsaye kamar yadda ake biyan wanda ya dasa sabo.

A filin nan da na faɗa, can wajen kusurwar da katafila ba ta nutsa bakinta sosai ba, na ga tsofaffin saiwoyi guda biyar ko shida sun toho, kowanne bai wuce tsayin gwiwa ba, kuma a gindin ɗaya daga cikinsu akwai sabon rami da ƙasar da aka turo waje ba ta gama bushewa ba. Wani da na tarar a bakin hanya ya gaya mini cewa ya ji ana shirin sake share filin kafin damina mai zuwa, domin a maye gurbin itatuwan da suka mutu.